Rashin ji ne ko larura? Yadda likitoci ke tantance kangarewar ɗabi'a a yara

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 11. Kusan kullum sai an kawo ƙararsa daga makaranta a kan faɗa. Sau biyu yana ɗaukar mini kuɗi a jaka, ya rantse ba shi ba ne, kwanan nan kuma muka gano yana fashin makaranta. Malamarsa ta ce mu kai shi asibiti, wai akwai larurar da ke sa yara haka. Da gaske ne? Ta yaya ake bambance larura da rashin ji irin na yara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana zuri'a. Malamar ta faɗi gaskiya, akwai wannan larura, ana kiranta kangarewar ɗabi'a, kuma shawarar da ta ba ku mai kyau ce. Sai dai ba zan iya ce miki ɗanki yana da ita ko ba shi da ita daga saƙo kawai ba, kuma babu likitan kirki da zai yi haka. Abin da zan iya shi ne in buɗe miki yadda ake aikin tantancewar, domin ranar da kika zauna gaban likita ki san abin da yake nema da dalilin kowace tambaya tasa.

Larurar kangarewar ɗabi'a ba a gano ta da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Da tarihi ake gano ta: me yaron yake yi, tun yaushe, sau nawa, a ina, kuma wa yake cutarwa. Littattafai biyu ne likitoci ke aunawa da su. Ɗaya shi ne DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013 aka sake gyara shi a 2022. Ɗayan kuma ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Dukansu sun haɗu a kan magana ɗaya: hali ne mai maimaituwa, wanda ya daɗe, na tauye haƙƙin wasu ko karya manyan dokokin da ake sa ran yaro mai waɗannan shekaru ya kiyaye. Maimaituwar da daɗewar su ne ginshiƙi. Babu yaron da ba ya ƙarya wata rana, ko ya kai wa ɗan'uwansa duka. Binciken da Richard Tremblay ya daɗe yana yi a Kanada ya nuna cewa duka da cizo da ture-ture sun fi yawa ne a wajen shekara 2 zuwa 3, daga nan su yi ta raguwa yayin da yaro ke koyon faɗin abin da yake so da baki. Wanda muke damuwa da shi shi ne wanda nasa bai ragu ba, ko ma ya ƙaru ya sake kama.

DSM-5 ya jero halaye 15, ya kasa su gida huɗu. Gida na farko, wanda ya fi kowanne girma, cutar da mutane da dabbobi ne, halaye bakwai: yawan cin zali da tsoratarwa, yawan tsokanar faɗa, amfani da makamin da zai iya yi wa mutum mummunan rauni kamar wuƙa ko fasasshiyar kwalba ko sanda, azabtar da mutum, azabtar da dabba, ƙwace ido da ido, da tilasta wa wani yin lalata. Gida na biyu ɓarnar dukiya ce da gangan, ko ta hanyar cinna wuta ko ta wata hanya. Na uku yaudara da sata: fasa gida ko shago ko mota, yawan ƙarya don samun wani abu ko zille wa wani nauyi, da satar abu mai daraja a ɓoye. Na huɗu kuma karya manyan dokoki: yawon dare duk da hanin iyaye, yawan fashin makaranta, waɗannan biyun idan sun fara kafin shekara 13, sai gudu daga gida har a kwana a waje aƙalla sau biyu, ko sau ɗaya idan ya daɗe bai dawo ba.

Ƙa'idar ita ce a samu aƙalla uku daga cikin 15 ɗin a cikin wata 12 da suka wuce, kuma ɗaya daga cikinsu ya faru a wata 6 na baya-bayan nan. Bayan haka dole ne a ga halin yana yi wa rayuwar yaron illa a fili, a karatunsa ko zamansa da mutane.

Na san yanzu kina ƙirgawa a yatsu: faɗa ɗaya, sata biyu, fashin makaranta uku, ga kuma ƙarya. Ki dakata tukuna. Kowane ɗaya yana da sharaɗi a ƙarƙashinsa. Faɗan nan, shi yake tsokana ko shi ake tsokana yana ramawa? Yaron da ake yi wa taron dangi kullum a bayan aji, ran da ya gaji ya rama shi za a kama, sunansa ne zai shiga littafin malam. Rantsuwar da ya yi a kan kuɗin, ƙarya ce ta mai tsoron duka, ko kuwa ya saba shirya zance don ya damfari mutane? Waɗannan ba ɗaya ba ne. Fashin makarantar kuma, sau nawa, ina yake zuwa, da su wa, kuma me yake gudu? Akwai yaron da ya kai aji biyar bai iya karatu ba, kullum a tashe shi ya karanta a yi masa dariya. Wannan idan ya tsallake katanga, kunya yake gudu. Ƙirga halaye shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikinmu. Mai wuyar shi ne gane abin da ke ƙarƙashin kowanne.

Ki lura da wani abu kuma. Tunda uku kawai ake buƙata cikin 15, yara biyu za su iya samun suna ɗaya a takardar asibiti alhali ba su haɗu a kan hali ko ɗaya ba. Wannan yana yawon dare, yana fashin makaranta, yana ƙarya. Wancan yana ƙona dabba da ranta, yana zare wa yara wuƙa, yana ƙwace. Ba wanda zai ce maganinsu ɗaya ne ko makomarsu ɗaya ce. Shi ya sa a wurina sunan larurar shi kaɗai bai gaya mini komai ba sai an rarrabe ta, kuma rarrabewar ce take nuna inda za a dosa.

Rarrabewa ta farko, wadda ta fi muhimmanci, ita ce shekarun da abin ya fara. Idan ko da hali ɗaya ya bayyana kafin yaro ya cika shekara 10, ana kiranta mai farawa a ƙuruciya. Idan babu ko ɗaya kafin 10, mai farawa a samartaka ce. Idan ba a samu wanda zai iya faɗin lokacin ba, sai a rubuta ba a tantance ba. Wannan rabo ya yi daidai da aikin Terrie Moffitt, wadda a 1993 ta bayyana hanyoyi biyu da irin waɗannan yara ke bi, tana dogaro da binciken garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, inda ake bin rayuwar yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna ƙanana har suka girma. Masu farawa da wuri ba su da yawa, galibinsu maza ne, kuma sau da yawa za ki tarar tun farko akwai rashin natsuwa mai tsanani, jinkirin magana ko wahalar karatu, ga kuma gida mai zafi ko rashin kulawa. Su ne abin ya fi bi har girma. Masu farawa a samartaka sun fi yawa, tazarar maza da mata a cikinsu ba ta kai ta farkon ba, abokai ne ke jan su, kuma yawancinsu suna dawowa hanya idan hankali ya game jiki. Amma kada a ce tunda na samartaka ne a zuba ido. Shekara biyu ko uku na kangarewa sun isa yaro ya faɗa shaye-shaye, a kore shi daga makaranta, ko ya shiga hannun hukuma, kuma waɗannan suna iya riƙe shi bayan halin ya tafi. Haka nan ba duk wanda ya fara da wuri ne yake ɗorewa ba. Da yawa suna bari kafin su balaga.

Ɗanki yana da 11, wato yana bakin iyakar nan, don haka za a matsa miki da tambaya a kai. DSM-5 da kansa ya yi gargaɗin cewa lokacin da iyaye da yara ke faɗa yakan zo a makare da kusan shekara biyu daga ainihin lokacin da abin ya fara, domin mutum yana tuna ranar da abin ya yi ƙamari ne, ba ranar da ya tsiro ba. Ki zauna da mahaifinsa ku tuna da kyau. Yana aji ɗaya ana kawo ƙararsa? Tsofaffin takardun sakamakon makaranta, inda malamai ke rubuta ɗabi'a, suna taimakawa ƙwarai.

Rarrabewa ta biyu ta shafi zuciya, kuma ita ce nake so a yi takatsantsan da ita fiye da komai. An shigar da ita DSM a 2013, bayan shekaru na binciken masana irin su Paul Frick a kan yaran da ke da ƙarancin tausayi da nadama. Alamu huɗu ne, ana buƙatar biyu, su daɗe aƙalla wata 12, kuma a gan su a wurare daban-daban da mutane daban-daban: ba ya nadama idan ya yi laifi, ba ya tausayin wanda ya cutar, bai damu ba ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi kuma kullum laifin wani ne, sannan abin da yake nunawa na so ko baƙin ciki na sama-sama ne, yana kunna shi ya kashe idan yana neman wani abu. Ki ɗauki yara biyu da kowanne ya fasa wa ƙaninsa goshi. Na farko da ganin jini sai jikinsa ya hau rawa, ya ruga ya kira babba ko ya ɓuya a bayan ƙofa, da daddare a ji shi yana tambaya ko an yi ɗinki. Na biyu ya tsallake yaron ya koma kan wasansa, da aka tare shi abin da ya dame shi kawai shi ne ko za a hana shi fita gobe. Laifi ɗaya ne, amma ba yaro ɗaya ba ne.

Dalilin takatsantsan shi ne, fuska tana ruɗi. Yaron da aka saba duka yana koyon ƙeƙashe ido. Ya tsaya ƙiƙam, ya ce "ni ko a jikina", alhali cikinsa ya ɗuri ruwa. Idan likita ya gan shi na minti ashirin ya rubuta masa rashin tausayi, ya zalunce shi. Shi ya sa ba a yanke wannan hukunci sai an ji daga mutanen da suka daɗe da sanin yaron a gida da makaranta. Masu wannan siffa su ne 'yan kaɗan a cikin masu larurar. Amfanin gano su shi ne, horo da tsoratarwa ba sa ratsa su kamar sauran yara, sun fi amsa yabo da lada da jan su a jiki, don haka tsarin taimakonsu yakan bambanta.

Rarrabewa ta uku ita ce tsanani: mai sauƙi idan halayen ba su wuce ƙa'ida da yawa ba kuma cutarwar kaɗan ce, kamar ƙarya da fashin makaranta, matsakaiciya kamar sata a ɓoye da ɓarnar kaya, mai tsanani idan halayen sun yi yawa ko sun kai ga makami, fasa gida, azabtarwa ko fyaɗe. ICD-11 yana da lambar 6C91 ga wannan larura, shi ma ya raba ta da shekara 10 kuma yana duba tausayi da nadama, sai dai bai ɗaure likita da ƙirgen uku cikin 15 ba. Idan kika ga F91 a kati, tsohon tsarin ICD-10 ne, wanda har yanzu asibitoci da yawa ke amfani da shi; shi yana rarrabewa ne da ko halin ya tsaya a cikin gida kawai, da ko yaron yana da abokai ko shi kaɗai yake.

Kafin a rubuta sunan ma, sai an kawar da abubuwan da ke kama da ita. Mafi kusa ita ce larurar bijirewa da taurin kai, inda yaro ke da saurin fushi, gardama da manya, ƙin bin umarni, tsokana da riƙo, alamu huɗu cikin takwas na tsawon wata 6. Wannan yana gajiyar da iyaye matuƙa, amma ba ya kai ga sata ko makami ko azabtarwa. Wasu daga cikinsu suna zarcewa zuwa kangarewa, da yawa ba sa zarcewa. Sai larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD: yaron yana aikatawa kafin ya yi tunani, ya ture wani a layi, ya fasa abu, amma ba da niyyar cutarwa ba. Sau da yawa larurorin biyu suna haɗuwa a yaro ɗaya, kuma gano ADHD ɗin babban rabo ne, domin tana da magani mai aiki, idan ta lafa faɗan ma yakan ragu. Ciwon damuwa a yara yakan fito da fushi da tsiwa maimakon kuka. Yaron da aka ci zarafinsa, ko ya ga tashin hankali, ko aka yi masa rasuwa, ko iyayensa suka rabu, halinsa yana iya juyewa cikin 'yan watanni. Ana duba ji da gani, ƙarfin fahimta, farfaɗiya, tsohon bugu a kai, da shaye-shaye. Yaron da yake lafiya lau sai kwatsam ya canza, ni tambayata ta farko ita ce me ya same shi, kafin in tambayi me ya yi.

Muhalli ma ana auna shi. DSM-5 ya ja kunnen likitoci kada su liƙa wannan suna ga yaron da halinsa hanyar tsira ce a inda yake zaune, kamar wurin yaƙi ko unguwar da ta'addanci ya yi katutu. Yarinyar da ta gudu daga gidan da ake lalata da ita ba kangararriya ba ce. Wanda ya saci abinci don yunwa ba wannan larura ke damunsa ba. 'Yan mata kuma ana yawan makara wajen gano su, domin nasu ya fi fitowa ta ƙarya, gudu daga gida, fashin makaranta da haɗa wata da ƙawayenta, ba ta dambe ba.

A aikace, tantancewa mai kyau tana cin zama fiye da ɗaya. Za a ji daga gare ki da mahaifinsa, a nemi bayanin malamai, sannan a zauna da yaron shi kaɗai, domin akwai abin da ba zai taɓa faɗa a gabanku ba, na laifinsa da na abin da ake yi masa. Ana iya ba ku takardar tambayoyi irin SDQ, mai tambaya 25, wadda Robert Goodman ya fitar a 1997. Tana nuna inda za a zurfafa bincike ne kawai, ba ita ke yanke hukunci ba. Za a tambaye ki cikinsa da haihuwarsa, yaushe ya fara magana, wa ya rene shi, ko akwai mai shaye-shaye ko taɓin hankali a dangi, da yadda ake horo a gidan. Kada ki ji kamar ana tuhumarki. Ana neman wani zagaye ne da Gerald Patterson ya bayyana a Amurka bayan ya daɗe yana lura da iyalai a cikin gidajensu. Uwa ta ce a kashe talabijin. Yaro ya yi kunnen uwar shegu. Ta ɗaga murya, ya ɗaga tasa, ya yi jifa da abin da ke hannunsa. Ta gaji ta ce "ka yi ta gani" ta fita. Shi ya koyi cewa ihu yana biya, ita ta koyi cewa ƙyalewa tana kawo shiru. Gobe ta zo da bulala, ya ƙara taurarewa. Ba mugunta ba ce daga kowane ɓangare, amma idan aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru sai ta zama hali. A wajen yaron kuma ana duba yadda yake fassara mutane: Kenneth Dodge ya nuna cewa yara masu yawan faɗa, idan aka buge su bisa kuskure, sun fi saurin ɗauka da gangan aka yi.

Larurar ba baƙuwa ba ce. Ƙididdigar da DSM-5 ya kawo ta kama daga kashi 2 zuwa sama da kashi 10 cikin 100 na yara da matasa, matsakaicin kuma kashi 4, kuma ta fi yawa a maza. Na san abin da ke hana ki barci shi ne gobensa. Tun 1966 Lee Robins ta wallafa binciken da ta bi yaran da aka taɓa kai wa wani asibitin yara a birnin St. Louis na Amurka har bayan kusan shekara 30. Abin da aikinta ya tabbatar shi ne, manyan da suka zama masu cutar da jama'a kusan dukansu sun fara tun suna yara, amma yawancin yaran da suka fara ba su zama haka ba. Shi ya sa ba a yi wa kowa laƙabin gurɓacewar hali ta manya kafin ya cika 18. Sunan da za a rubuta wa ɗanki, idan ma an rubuta, bayanin abin da yake yi ne a yanzu.

Game da taimako, jagorar da hukumar NICE, mai tsara jagororin kiwon lafiya a Ingila, ta fitar a 2013 ta sa horar da iyaye a gaba ga yara 'yan shekara 3 zuwa 11, koya wa yaron da kansa dabarun warware rikici tsakanin 9 da 14, sai tsarin da ke haɗa gida da makaranta da abokai ga 'yan 11 zuwa 17. Ƙwaya ba ita ce maganin farko ba. Ana ba da ita ne don ADHD ko damuwa idan akwai, ko na ɗan lokaci idan faɗan ya yi tsananin da ake tsoron rauni. Abin da nake roƙonki da shi, kada ki bari a ba ki shawarar ƙara duka, ko ɗaure shi, ko tura shi inda aka tara kangararrun yara ba tare da kulawar ƙwararru ba. An yi bincike an ga tara irin waɗannan yara wuri ɗaya yana iya ƙara musu hali, domin suna koya wa juna.

Kafin ranar asibiti, ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru na mako biyu ko uku: me ya zo kafin faɗan, me ya yi, me kuka yi, yaya ya kasance bayan nan. Ki rubuta har da ranakun da ya yi abin kirki, da wanda yake jin maganarsa a dangi, domin da su za a gina gyaran. Ki nemi malamar ta rubuto nata bayanin, ki tambaye ta musamman yadda karatunsa yake da kuma ko akwai masu cin zalinsa. Ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa na yara ko masanin halayyar yara. Idan babu a kusa, likitan yara zai iya fara dubawa ya tura ku gaba. Idan kuwa kika ga ya fara ɗaukar makami, yana wasa da wuta, yana azabtar da dabba ko ƙannensa, ko ya ambaci kashe kansa, kada ki jira ranar da aka ba ku, ku tafi asibiti a ranar.